Sanarwa Kafin a Ɗaga Labule

"Ka ce iii," in ji likita. "A'a, kada ka rera mini, Herr Dautel, ban sayi tikiti ba. Ka ce iii kawai."

Henning Dautel ya ce iii, gwargwadon yadda mutum zai iya faɗinsa alhali an kama harshensa da ƙyalle an jawo shi waje. Siririn ƙarfen nan mai fitila a baki yana can cikin maƙogwaronsa, yana jin sanyinsa har cikin kunne. Ya kafe allon da ke gefe da ido, inda zaruruwan muryarsa guda biyu suka fito farare fat, suna haɗuwa suna rabuwa. Shekara talatin ke nan su ke ciyar da shi, amma duk ranar da ya gan su sai gabansa ya faɗi.

Likitar, Frau Ammerling, ta zare ƙarfen ta sakar masa harshe. Lahadi ce, asibitin a rufe yake. Dominsa ta buɗe, kamar yadda take yi wa kowane mawaƙi na gidan opera na garin, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, idan ya kira ta a ruɗe. Ko rigar aiki ba ta sa ba, karenta ma yana cikin mota yana jiran a je yawon daji.

"Lafiyarka ƙalau," ta ce.

"Ki sake dubawa."

"Na duba, na sake dubawa. Babu kumburi, babu ja, babu majina. Da ɗalibaina suna nan da na tara su sun ga yadda lafiyayyen maƙogwaro yake."

"To me ya sa take kuɓuce mini? In ina ƙasa lafiya lau. Da na hau sama sai in ji kamar na kai ƙafa matakala na tarar babu ita."

Ta juya tana wanke hannu. Ta daɗe tana wanke shi fiye da yadda hannu ke bukata.

"Shekarunka nawa yanzu?"

"Kin fi ni sani, yana cikin na'urarki."

"Hamsin da shida." Ta goge hannun. "Maganin mura ina da shi, Herr Dautel. Na wannan kam ba ni da shi."

"Ko ɗan ja-ja haka, a gefe, babu?"

"Babu."

Kowa yana zuwa wurin likita ne neman lafiya. Henning ciwo ya zo roƙo da safiyar Lahadi, aka kuma hana shi. Ya naɗe wuyansa da mayafin ulu, ya yi godiya da ƙaramar murya, ya fita.

A cikin jirgin titi, ɗan jirgin ƙasan da ke ratsa gari, ya zauna jikin taga yana kallon shaguna a rufe. Da ƙarfe uku na rana akwai wasa, shi ne kuma zai fito a matsayin saurayin, kamar yadda ya saba tun zuwansa gidan, domin shi ne babban mai muryar sama a cikin maza. Ba wasan ne ya tsorata shi ba. Sabuwar shugabar gidan, Frau Sehrbrock, tun da ta kama aiki take bin mawaƙa ɗaya bayan ɗaya, ta zauna cikin 'yan kallo ta saurara, sannan ta yanke wanda za a sabunta wa kwantiragi da wanda za a sallama. Mutum biyu sun riga sun ji nasu hukuncin, ba kuma mai daɗi ba. Yau layi ya zo kansa. Saura masa shekara guda ya kai matsayin da dokar gidajen wasa ta hana a sallami mawaƙi, kowa kuwa ya san a daidai wannan gaɓar kunnen shugabanni ya fi kaifi.

Ya tarar da matarsa Wiebke a kicin tana tafasa masa taliya, wadda ba ya cin komai sai ita a ranar wasa. Da can ita ma mawaƙiya ce a ƙungiyar masu amshi, a nan suka haɗu. Yanzu yara take koya wa piyano. Kunnenta ba ya yafiya, bakinta kuma bai iya rarrashin ƙarya ba. Tun suna matasa, in ya sauko daga dandamali ana ta tafi, fuskarta yake fara nema, don ita kaɗai ce za ta gaya masa abin da ya faru da gaske.

"Me ta ce?" Wiebke ta tambaya.

Ranar wasa Henning ba ya magana a gida, tanadin murya yake yi, sai dai nuni da hannu. Tsohuwar al'adarsa ce, yau kuwa ta yi masa rana. Ya nuna maƙogwaronsa, ya kaɗa tafin hannu.

"Kumburi?"

Ya gyaɗa kai. Bai faɗi ƙarya da bakinsa ba, da wannan ya lallashi kansa yayin da yake jan kujera.

"Ai sai da na ce maka ka sa hula ran Alhamis, ka ƙi, kai ga saurayi." Ta ajiye masa faranti. "To ka buga musu waya ka ce ba za ka iya ba."

Ya girgiza kai da ƙarfi. In ya janye, kafin azahar ofis ya nemo wani daga wani gari, ya hawo jirgin ƙasa, matashi mai faɗin ƙirji da sabuwar murya, ya tsaya a gaban Frau Sehrbrock cikin rigar Henning.

Wiebke ta gane ba sai ya faɗa ba. Ta zauna tana kallonsa yana tura taliyar da ƙyar.

"To a yi maka sanarwa mana."

Cokalin ya tsaya a hannunsa.

"Kada ka kalle ni haka. Ba zunubi ba ne. Ba ka da lafiya, a gaya wa mutane ba ka da lafiya. Ina abin kunya a nan?"

Abin kunya kuwa akwai shi, ita ma ta sani. Idan mawaƙi yana fama da ciwo amma ya ce zai daure ya yi wasa, sai wani daga cikin manyan gida ya fito gaban labule kafin a fara, ya sanar da jama'a, ya roƙi a yi wa mawaƙin uzuri. Tun da Henning ya fara waƙa ba a taɓa yi masa ba. Ya yi wasa da zazzaɓi, ya yi da ciwon haƙori, ya yi washegarin da aka binne mahaifinsa. Shi ne ma kan gaba wajen yi wa masu neman sanarwa dariya a kantin gidan wasa, yana cewa ta masu raki ce, ko dai ka iya ko ka zauna gida.

Bai gyaɗa kai ba, bai kuma girgiza ba. Ya tashi ya ɗauki jakarsa tun lokaci bai yi ba.

Ya shiga ta ƙofar 'yan wasa, ya wuce ɗakin shirinsa, ya rufe ƙofa. Ya tsaya gaban madubi ya fara ɗumama murya daga ƙasa, a hankali. Ƙasa lafiya. Tsakiya lafiya, har da ɗan zaƙi. Ya nufi sama, wurin nan da ke cikin waƙar kashi na biyu, inda saurayin ke rantse wa budurwarsa kuma murya ke hawa can ƙololuwa ta tsaya ita kaɗai. Babu makirufo a wannan sana'a, ga makaɗa sun cika ramin da ke gaban dandamali, muryarka tsirara ita za ta tsallake su ta kai kujerar ƙarshe. Ya hau. Ta fito, amma siririya, tana rawa. Ya sake gwadawa, sai ta tsage gida biyu.

Zufa ta keto masa. Ya zauna, ya tashi, ya sha ruwa, ya sake zama. Sannan ya buɗe ƙofa ya tafi neman Lutz.

Lutz Pohlenz shi ne mai kula da wasan ranar. Tsohon mawaƙi ne mai babbar murya, wanda ya bar dandamali ya koma ofis tun kafin a ce masa ya bari, kuma tun daga ranar tumbinsa yake ƙaruwa cikin kwanciyar hankali. Henning ya same shi a bayan dandamali yana cin burodi da tsiran nama.

"A'a, ga saurayin gari! Yau ka yi sammako. Ko shugaba ce ta hana ka barci?"

"Lutz," Henning ya ce cikin raɗa, "ina son a yi mini sanarwa."

Lutz ya daina tauna.

"Kai?"

"Ni."

"Tsaya in zauna, kada in faɗi. Henning Dautel, wanda ya ce wa matata mai raki a gaban kowa saboda ta nemi sanarwa tana da ciki wata bakwai?"

"Don Allah, Lutz. Ba yau ba."

"Ammerling ta gan ka?"

"Ta gan ni."

"Me ta ce?"

"Ta ce in kula."

Lutz ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya karkaɗe ɓurɓushin burodi daga rigarsa, ya daina dariya.

"To wacce kake so? Ina da mura, ina da ba ya jin daɗin jikinsa, ina da yanzu ya taso daga jinya. Ta ƙarshen ta fi kawo tafi, amma an gan ka jiya a kasuwa kana zaɓen kifi."

"Mura."

"Mura mai tsanani. In za a yi, a yi ta sosai." Ya rungumo shi, ya yi alamar tofi sau uku a bayan kafaɗarsa ta hagu, kamar yadda ake yi wa duk mai shirin fita dandamali don neman sa'a. "Kada ka kuskura ka gode mini, ka jawo mana tsiya."

Aka ɗaure masa ciki da ɗamara har numfashinsa ya koma sama, aka ɗora masa hular gashi baƙa wuluk, aka shafe layukan goshinsa da hoda. Yau hannun mai kwalliyar ya fi kullum taushi, ya san labari ya riga ya zagaya. Ta cikin lasifikar ɗakin yana jin zauren yana cika. 'Yan kallon Lahadi da rana ya san su kamar danginsa. Tsofaffi ne masu kujerar shekara-shekara, motocin safa ke kwaso su daga ƙauyuka, sun sha kofi da waina kafin su zo, kowace jaka da alewar tari a ciki. Wasunsu sun ji shi tun gashin kansa nasa ne.

Yana tsaye a gefen dandamali cikin duhu lokacin da Lutz ya ratsa labule ya fita. Zauren ya ɗauki wannan gunaguni da ake yi duk sa'ad da aka ga mutum cikin kwat a gaban labule.

"Kada hankalinku ya tashi, 'yan'uwa, kowa zai yi waƙa," in ji Lutz. Aka yi dariya. "Sai dai Herr Dautel ɗinmu ya tashi da mura mai tsanani. Mun ce ya kwanta, ya ce shi ba zai bar ku ku koma gida haka ba. Muna roƙon ku yi masa uzuri."

Tafi ya ɓarke, mai ɗumi, irin wanda ake yi wa na gida. Henning ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne. Ya yi wa tsofaffin nan ƙarya, ya yi wa Wiebke, ga ta can zaune a cikinsu. Amma a ƙarƙashin kunyar sai ya ji wani abu ya kwance a ƙirjinsa, abin da ya fi shekara a ɗaure. Yau in ta tsage, mura ce. In ta yi rawa, mura ce. Ba wanda zai ce komai.

Labule ya tashi, ya fita.

Tun daga jimlar farko ya ji daban. Numfashi ya sauka har ƙasan cikinsa duk da ɗamarar. Muƙamuƙinsa ya saki. Makaɗa ma yau kamar sun san abin da yake so, masu goge suna tafe a hankali, masu ƙaho ba su danne shi ba, duk inda ya nemi ɗan lokaci sai ya ga sandar madugunsu tana jiransa. Ya manta da layi na uku inda aka ce Frau Sehrbrock na zaune. Ya ma manta da shekarunsa, ya durƙusa gaban budurwar ba tare da ya tuna gwiwarsa ba.

Kashi na biyu ya zo, waƙar ta zo, wurin ya matso. Da can tun daga nesa yake fara jin maƙogwaronsa na ƙullewa. Yau bai jira tsoro ba, ya ja numfashi ya hau. Ta fito. Ta tsaya. Ya riƙe ta, ya ƙara riƙewa, yana jin ta tana kaɗawa a ƙasusuwan fuskarsa kamar da, sannan ya sauke ta da kansa, ba ita ta sauke shi ba. Zauren ya ɗauki tafi, wani tsoho daga sama har da ihu. Henning ya tsaya hannunsa a ƙirji, idonsa ya cika da ƙwalla na gaske. Tana nan. Ashe tsoro ne kawai, ba shekaru ba. Ammerling ta iya duba maƙogwaro, amma ba ta san waƙa ba.

Har aka gama wasa yana cikin wannan farin ciki, abu ɗaya kawai ke cizonsa: me ya kai shi neman sanarwa? Da ya yi ta maza ya fita haka, da yau ya rufe bakin kowa. Sai kuma ya ce a ransa ba laifi, ai yanzu cewa za a yi, in haka yake da mura, ina ga yana da lafiya?

Da ya fito gaisuwar ƙarshe wasu har miƙewa suka yi. Ya dawo bayan labule yana haki yana murmushi, ya ci karo da Lutz.

"Ka ji?" Henning ya ce, ya ma manta da raɗa. "Ka ji ta?"

"Na ji. Sannu, abokina. Ka kai ta gida." Lutz ya dafa kafaɗarsa. "Ka je ka gode wa madugu. Tun daga farko ya danne makaɗansa saboda kai, masu ƙaho har ƙorafi suke, wai yau busa suka yi ta cikin matashin kai."

Murmushin Henning ya ɗan ragu, amma bai tafi ba. Lutz dai ba ya rasa abin faɗa.

Yana cire hular gashi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Frau Sehrbrock ce da kanta, doguwa, da baƙar riga, ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta shigo ba, da alama tsoron murar take.

"Herr Dautel, kada ka yi magana, ka huta da muryar. Na zo in gode maka ne. Ba kowa ne zai fita a wannan hali ba."

Ya ɗan sunkuyar da kai, yana jiran sauran.

"Kuma kada ka damu da batun nan namu. Yau ba ta cikin lissafi. Zalunci ne in auna mutum da abin da na ji yau. Duk wanda ke zauren ya ji yadda kake fama, musamman can sama." Ta yi murmushi mai kirki. "Ka warke sarai tukuna. In ka dawo daidai sai ka gaya wa ofis, in zo in ji muryarka ta gaskiya. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta ja ƙofar a hankali. Henning ya zauna da hular a hannu. Abin da ya nema ke nan da safe, an kuwa ba shi cif. Ya yi ta goge hodar fuskarsa yana gaya wa kansa cewa matar nan ba ta san shi ba. Baƙuwa ce, an ce mata mura, ta ji mura. Haka kunnen mutane yake, abin da aka zuba masa shi yake ji. Akwai kunne ɗaya da sanarwa ba ta ruɗinsa, yana kuma jiransa a ƙofar 'yan wasa.

Wiebke na tsaye a ƙarƙashin rumfar ƙofa, magariba ta fara, motocin safa suna kwashe tsofaffinsu a ƙetaren titi. Ya nemi fuskarta kamar yadda ya saba. Ta matso da sauri, ta kama gaban rigarsa tana ɓalla masa maɓallin wuya.

"Sannu, Henning. Sannu. Kai, yau na sha wahala a kujerar nan."

"Yaya kika ji?" ya ce.

"Rufe bakinka, iska na shiga." Ta gyara masa mayafi. "Tun jimlar farko na ji. Ko da Lutz bai fito ba, ni da na sani. Ba ƙarfi, ba haske, kamar an rufe ta da bargo. Da ka zo wurin nan na sama kuwa, runtse ido na yi ina addu'a ka sauka lafiya. Me ya sa ka riƙe ta haka? Tana ta rawa, kai kuma ka ƙi saki."

Ya kau da kai ya dubi motocin safa.

"Shekara talatin ina jin ka, ka san ba zan yi maka ƙarya ba. Wannan ba muryarka ba ce." Ta saƙala hannunta cikin nasa, suka nufi tashar jirgin titi. "Amma ba komai, ciwo ne, zai wuce. Daga yau ba magana, ba waya, ba fita. Zan dafa maka shayin ganye da zuma. Ka ga ma abin ya zo da sauƙi, tun da matar ta san ba haka kake ba."

Suka tsaya a bakin titi suna jiran fitila ta ba su hannu. Wata tsohuwa daga tagar motar safa ta gane shi, ta ɗaga masa hannu, ta nuna maƙogwaronta tana girgiza kai cikin tausayi. Ya ɗaga mata nasa.

"Af, ban ma tambaye ka ba," in ji Wiebke. "Ita Ammerling, yaushe ta ce muryar za ta dawo?"

Fitila ta canza. Mutane suka fara tsallakawa ta gefensu.

"Ba ta faɗa ba," ya ce.